Dokin da ke firgita a cikin tirela: bulala ba ta korar tsoro

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana masu dawaki, da yaran da ke kula da barga, da direbobin da muke damƙa wa dabbobinmu, a kan wani al'amari da ya daɗe yana damuna. Ina nufin halin da doki ke shiga idan aka sa shi a ƙaramar tirelar nan da ake ƙulla wa mota a baya, da irin taimakon da ya kamata a yi masa idan tafiya ta zame masa azaba.

Sau da yawa na ga mutum huɗu ko biyar sun taru a kan doki ɗaya a bakin tirela, wani yana jan ragama da iya ƙarfinsa, biyu sun zagayo da igiya ta bayan cinyoyinsa, na huɗun yana tsula masa bulala, shi kuwa ya turje, idanu waje, yana huci yana neman yin tabarya. Idan ya shiga daga ƙarshe sai a yi hamdala a rufe ƙofa, a ɗauka aiki ya ƙare. Sai an isa inda za a je a buɗe, a tarar da shi sharkaf da gumi, jikinsa yana karkarwa, gashin gindin wutsiyarsa ya goge, ko kuma jini yana bin ƙafarsa ta baya. Abin da aka saba faɗa a nan shi ne dokin yana da taurin kai. Ni ma na daɗe ina faɗin haka, kuma na yi kuskure.

Ina da wani ingarma akawali wanda a lokacin yake da shekara bakwai, mai sanyin hali ƙwarai, domin ko ƙaramin yaro kan riƙe ragamarsa ya kai shi wurin shan ruwa. Amma da zarar mota ta motsa da shi sai ya zama wani doki dabam. Daga cikin mota ina jin kofatansa suna kartar bangon tirela a kowace kwana, kamar mai neman hawa bangon, sa'an nan harbi ya biyo baya. Na doke shi, na ɗaure kansa tamau don kada ya motsa, har na taɓa sa aka yi masa allurar kwantar da jiki, duk abin sai gaba yake yi. Ranar da na sauke shi da rauni a gwiwarsa ta baya, wani dattijo da ya ƙarar da rayuwarsa cikin dawaki ya dube ni ya ce, "Yaro, ka taɓa shiga ka tsaya a wurin da kake tsayar da shi?" Na ce ban taɓa ba. Ya ce to in gwada, kuma in sa hannayena a baya kada in riƙe komai.

Mun gwada a wani fili mai shinge inda ba motar kowa, domin dokar ƙasashe da yawa ta hana mutum zama a cikin tirela a kan titi, kuma dokar tana da gaskiya. Na ce wa direba ya yi tuƙinsa yadda ya saba. Gani ya kori ji. Ƙarar ƙarfe da ƙarfe ta cika mini kunne, wani sakata da ya yi lako-lako yana bugawa daidai inda kunnen doki yake, warin hayaƙin salansa yana shigowa ta ƙasan ƙofar gaba, zafi kuma kamar an rufe ni a cikin akwati. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ban san lokacin da za a taka birki ba, ban kuma san ta inda kwana za ta zo ba, don haka kowane juyi sai na ji shi a jikina kafin in shirya masa. Minti biyar kacal muka yi, na fito cinyoyina suna rawa. Doki mai nauyin kilo 400 zuwa 500 haka yake tsayawa awa huɗu ko shida, a kan ƙafafu huɗu sirara, ba shi da hannun da zai dafa bango.

Duk wanda ya san halittar doki ba zai yi mamakin tsoronsa ba. Dabba ce da Allah ya yi ta a fili, wadda makaminta na farko gudu ne, kuma natsuwarta tana cikin garke. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan ko'ina a kewayensa, in ban da daidai bayansa da ɗan wurin da ke ƙarƙashin hancinsa, wato wurare biyun da ya fi bukatar gani sa'ad da yake taka matakalar tirela ana kuma rufe ƙofa a bayansa. Idonsa yana daɗewa kafin ya saba da duhu idan ya fito daga haske, fiye da idon mutum nesa ba kusa ba, saboda haka cikin tirelar da mu muke ganin komai nata, shi rami ne baƙi ƙirin yake gani da tsakar rana. Mun ce masa ya rabu da 'yan'uwansa, ya shiga ramin, ya taka ƙasa mai amo wadda ke motsi a ƙarƙashinsa. Wanda ya yarda ya shiga, amana ya ba mu.

A ganina matakin farko na taimako shi ne mai doki ya rarrabe iri biyu na wannan damuwa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai dokin da ke ƙin shiga tun daga waje, akwai kuma wanda ke shiga lafiya ƙalau, sai mota ta tashi hankalinsa ya tashi. Na farkon yawanci tsoron wurin yake yi, ko kuma ya taɓa shan wuya a ciki bai manta ba, wanda maciji ya sara kuwa ko tsumma ya gani sai ya gudu. Na biyun, irin akawalina, matsalarsa ta tsayuwa ce, ya kasa daidaita jikinsa. Idan aka bar na biyun ya daɗe cikin wahala, shi ma zai koma na farkon.

Bari in tsaya a kan maganar tsayuwa, domin ita ce aka fi jahilta. Doki yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, kuma da wuyansa da kansa yake gyara tsayuwarsa, yana ɗagawa yana saukewa gwargwadon motsin da ya zo masa. Idan aka ɗaure kan a taƙaice an ƙwace masa wannan dabara ke nan. Bayan haka yana bukatar ya ware ƙafafun baya sosai lokacin da mota ke shan kwana. A tirela mai ɗaukar doki biyu akwai shingen tsakiya, kuma idan shingen ya sauka har ƙasa, kofato ba ya samun inda zai fita. Sai dokin ya jingina da shingen, ƙafafunsa su zame zuwa bango, ya shiga kartar bangon yana neman wurin takawa. Wannan karta ita nake ji daga cikin mota ina ce mata fitina. Ranar da muka cire shingen muka sa doguwar sandar ƙirji da doguwar sandar baya masu kaiwa bango zuwa bango, muka sassauta igiyar, na leƙa ta taga na ga ya tsaya a karkace, ya buɗa ƙafafunsa na baya, kuma daga ranar rabin hayaniyar ta mutu. Masu bincike sun lura cewa dawaki da yawa, idan aka sake su a cikin mota ba ɗauri, sukan zaɓi tsayawa a karkace ko su juya bayansu ga inda aka nufa, domin a haka birki ba ya jefa su kan fuskarsu. Kowane doki da nasa zaɓin, sai an gwada za a sani. Idan kuwa dole a bar shingen kuma doki ɗaya aka ɗauko, a tsayar da shi a ɓangaren da ke kusa da tsakiyar titi, saboda titi yakan gangara zuwa gefe, nauyin ya fi zama daidai a can.

Sauran rabin hayaniyar yana ƙafar direba. Ina roƙon direbobi su ɗauki wannan magana da muhimmanci, domin doki da yawa da aka yi wa shaidar mugun hali, tuƙin mutum ɗaya ne ya lalata su. A tashi a hankali, a fara rage gudu tun da nisa kafin wurin tsayawa, a shiga kwana da shataletale kamar wanda ya ɗora kofi cike da ruwa a gabansa ba ya son ɗigo ya zuba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne direba ya ƙara wuta da zarar motarsa ta miƙe daga kwana, ya manta cewa tirelar da ke bayansa ba ta gama juyawa ba, sai ta yi wurgi da dokin zuwa bango. A jira har sai an ga tirelar ta miƙe a madubi. Ita kanta tirelar a duba ta kafin kowace tafiya: a ɗaga shimfiɗar robar a ga ko katakon ƙasa ya ruɓe da fitsari, a duba iskar taya da birkinta da maƙallin da ya haɗa ta da mota, a ɗaure duk wani ƙarfe mai ƙara, a shafa bango da hannu a ji ko akwai ƙusa ko kaifin da zai yanki fata. Ƙasa mai santsi kaɗai ta isa ta sa doki ya tsani tafiya har ƙarshen rayuwarsa.

Shi kuwa dokin da ke ƙin shiga, maganinsa lokaci ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Horon nan ana yin sa ne a ranakun da ba inda za a je, minti 10 zuwa 15 a kullum, mutum ɗaya mai sanyin zuciya. Ana farawa nesa da tirela, a koya masa ya tako gaba idan an ɗan ja ragama, ya ja da baya idan an ɗan tura ta, ya kuma tsaya cik idan an sake. Sirrin yana wurin sakin. Doki yana gane abin da ake so daga gare shi ne a daidai lokacin da matsin ya gushe, don haka idan ya ɗaga ƙafa ɗaya zuwa gaba a sassauta nan take, ba bayan daƙiƙa uku ba. Wanda ya ci gaba da ja bayan dokin ya tako, ya koya masa cewa takowar ba ta da amfani. Idan wannan ta zauna sai a matso kusa da tirela, wadda dole ta kasance a ƙulle da mota a wuri mai shimfiɗa, domin tirelar da ba a ƙulla ba tana iya ɗagawa ko ta gangara da nauyinsa. A buɗe ƙofar gaba da tagogi haske ya shiga. A bar shi ya sunsuni matakalar, ya buga ta da kofato ya ji amonta. Ya ɗora ƙafa ɗaya, a yaba masa, a ce ya ja baya. Gobe ƙafa biyu. Mutane sukan yi mamakin a ce a mayar da shi baya bayan an sha wuya ya tako, alhali dokin da ya san yana iya fita cikin natsuwa shi ne wanda ke yarda ya shiga.

Akwai alamar da ba ta ƙarya. A sa masa abin da ya fi so a ciki. Idan ya ƙi ci, ko ya fizga da sauri yana ɗaga kai, tsoron yana nan, kada a wuce wannan mataki. Idan ya sauke kai, yana taunawa a hankali, ya saki numfashi, ya ɗage ƙafar baya ɗaya yana hutawa, to an samu. Daga nan a sa sandar baya a cire, a rufe ƙofa a buɗe, wata rana a tayar da inji ba tare da an motsa ba, sa'an nan a yi zagayen minti biyar a dawo gida a sauke shi. Wani dokin kwana uku ya ishe shi, wani sai ya yi wata guda. A kuma riƙa yi masa tafiyar da ba wahala a ƙarshenta, domin idan kowace shiga tirela tana ƙarewa da allura ko sukuwa mai tsanani, zai haɗa biyun a ransa.

Kaɗaici ma yana da nasa rabon. Doki mai firgita yakan natsu idan aka haɗa shi da tsohon doki da ya saba da hanya, musamman wanda suke barga ɗaya. Idan babu abokin tafiya, wani bincike da aka yi a Ingila aka kuma buga a shekarar 2009 ya nuna cewa madubin da aka kafa a cikin tirela yana rage haniniya da jujjuya kai ga dokin da ke tafiya shi kaɗai. Madubin ya zama na roba wanda ba ya fashewa, kuma ga mai ingarma ina ba da shawarar ya fara gwada shi a barga, domin wani ingarman abokin faɗa zai ɗauki hoton nasa.

Game da allurar kwantar da jiki, ina da magana mai nauyi, tun da na yi amfani da ita na ga abin da ta yi. Magunguna irin su acepromazine da xylazine suna da amfaninsu a hannun likitan dabbobi, kamar ranar da ya zama dole a kai doki mai rauni asibiti ba lokacin horo. Amma suna saukar da ƙarfin jiki, suna sa tangaɗi, suna kuma rage iyawar jiki wajen daidaita zafinsa, alhali tsayuwa da zafi su ne ainihin abin da dokin ke fama da su a ciki. Acepromazine kuma an san yana iya jawo wa ingarma matsalar mazakuta, ta sauko ta kasa komawa. Dokin da aka yi wa allura bai koyi komai ba, gobe tsoronsa yana nan inda aka bar shi. Mai zuwa gasa kuma ya sani cewa hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ba ta yarda a samu irin waɗannan magunguna a jinin doki lokacin gasa ba. Inda likita ya fi amfani shi ne wajen bincike: idan dokin da ya saba tafiya lafiya ya canza farat ɗaya, a duba bayansa da gwiwoyinsa na baya da kofatansa, a kuma yi tunanin gyambon ciki, domin mai ciwo ba ya iya jure jijjigar hanya.

Doguwar tafiya tana da wani haɗari da ba ya nuna kansa sai an isa. Doki yana tsabtace maƙogwaronsa ne ta hanyar sunkuyar da kai ƙasa, majina da ƙura su gangaro su fita. Idan kansa ya yini a ɗaure sama, ƙwayoyin cuta sukan taru su sauka cikin huhu, ga ƙurar ingirici da warin fitsari a wuri marar iska, sai zazzaɓin tafiya ya kama shi, wanda kan zama ciwon huhu mai kisa. Don haka igiyar ta yi tsawon da zai iya sauke kansa ƙasa da kafaɗarsa, amma ba tsawon da ƙafarsa za ta harɗe a ciki ba. A yayyafa wa ingiricin ruwa kafin a rataye shi, a rage masa hatsi kafin tafiya, a bar tagogi a buɗe. A lokacin zafi a tashi da asuba ko da dare, a kuma tuna cewa tirelar da ta tsaya a rana ta fi mai tafiya zafi. A tsaya kamar kowace awa huɗu, minti 20 zuwa 30 a inuwa, a miƙa masa ruwa. Doki mai lafiya yana shan lita 20 zuwa 40 a rana, fiye da haka ma idan yana gumi, kuma da yawa ba sa shan ruwan da ɗanɗanonsa ya baƙunce su, shi ya sa nake ɗaukar na gida a jarka. Wasu, musamman maza, ba sa yin fitsari sai mota ta tsaya cik kuma akwai shimfiɗar da za ta tsotse shi. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1/2005 ta wajabta a shayar da dawaki kowace awa takwas a doguwar tafiya, ta kuma hana a yi wa dokin da ba a hora ba tafiyar da ta wuce awa takwas. Wannan iyaka ce ta doka, ni dai ba na jiran awa takwas kafin in ba nawa ruwa. Kada a sauke doki a bakin titi don a hutar da shi, tsayuwar motar kanta hutu ce ga ƙafafunsa.

Akwai tsari guda da nake so kowane yaron barga ya haddace, domin saɓa shi ya karya wuyan dawaki ya kuma raunata mutane. Wajen shiga, a sa sandar baya a rufe tukuna, sa'an nan a ɗaure kai. Wajen fita, a kwance kai tukuna, sa'an nan a buɗe baya. Dokin da kansa ke ɗaure ya ji bayansa a buɗe zai ja da dukkan ƙarfinsa, igiya ta tsinke ya faɗa ta baya, ko ta ƙi tsinkewa ya shaƙe. Ƙullin ya zama mai kwancewa da ja ɗaya, a tanadi wuƙa kusa, mai buɗe matakala kuma ya tsaya a gefenta, ba a bayanta ba. Idan doki ya firgita a ciki yana tutsu, kada kowa ya kutsa kai wurinsa. A tsayar da mota a wuri amintacce, a kashe inji, a yi masa magana ta taga har ya lafa.

Akawalina ya ɗauki mako biyar kafin in yarda in sake yin doguwar tafiya da shi. Ranar da muka yi ta, awa uku muka yi a hanya, na buɗe ƙofar gaba na same shi a bushe, ya cinye rabin ingiricinsa, ya miƙo hanci yana sunsunar aljihuna. Har yanzu, bayan kowace doguwar tafiya, nakan auna zafin jikinsa safe da yamma har kwana uku. Na doki mai lafiya yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5; idan ya haura haka, ko ya ƙi cin abinci, ko ya fara tari da saurin numfashi, a kira likitan dabbobi a ranar, kada a bari sai gobe.

Na gode da wannan fili da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai kiwon dawaki